Fasa mai a kwalbar gwaji: yadda wani aji ya faɗi sau uku kafin ya ci

Asalin lamarin

Malamar da wannan nazari ya shafa tana koyar da kimiyyar sinadarai a ajin ƙarshe na wata makarantar sakandare. Shekara huɗu ta yi tana koyar da darasin fasa mai a kan allo kaɗai. Takan zana doguwar sarƙar kabon, ta datse ta da alli, ta rubuta C10H22 → C8H18 + C2H4 a ƙasa, yara su kwafa su haddace. A shekara ta biyar ta yi musu gwajin tsakiyar zango, da ta zo dubawa sai ta tarar yawancinsu sun ɗauki tace ɗanyen mai da fasa shi a matsayin abu guda. Wani ma ya rubuta wai a cikin hasumiyar tacewa ne zafi ke yayyanka man har ya koma fetur.

Tacewa rarrabewa ce kawai. Ɗanyen mai cakuda ne na haidirokabon iri-iri, wato sinadaran da ba su ƙunshi komai ba sai kabon da haidirojin. Idan aka zafafa shi aka tura tururinsa cikin hasumiya, gajerun sarƙoƙi sukan hau sama, dogaye su tsaya ƙasa, kowa a inda zafin tafasarsa ya ajiye shi. Abin da ya shiga shi ne ke fitowa, an dai ware kowa da danginsa. Sai dai rabon da ɗanyen mai ke bayarwa bai yi daidai da abin da ake nema ba. Mai nauyi ya yi yawa, fetur bai isa ba, ƙananan iskokin da ake yin roba da leda da su kuwa kusan babu su a ciki. Fasawa ce ke cike giɓin: a ɗauki doguwar sarƙa a tsinka ta, a samu gajeru. Injiniyan Rasha Vladimir Shukhov ya yi rajistar hanyar yin haka da zafi tun 1891, William Burton na kamfanin Standard Oil na Indiyana a Amurka ya samu tasa rajistar a 1913, lokacin da motoci suka fara yawa fetur yana gazawa.

Akwai sunaye biyu da za su yi ta dawowa a nan, kuma harafi ɗaya ne ya raba su. Alken shi ne haidirokabon da kowane kabon a jikinsa ya cika da haidirojin, ɗauri ɗai-ɗai ne tsakaninsu. Alkin kuwa yana da tagwayen ɗauri tsakanin wasu kabon biyu, kuma ta nan ne yake karɓar baƙo. Mafi ƙanƙanta a cikinsu shi ne etin, C2H4.

Malamar ta yanke shawarar yara su gani da idonsu. Tsarin gwajin sananne ne. Babbar kwalbar gwaji a kwance an maƙale ta a jikin sanda, a can ƙuryarta audugar dutse da ba ta cin wuta, jiƙe da mililita 2 na farin man farafin mai kauri. A tsakiyar kwalbar an zuba fasassun tangaran, su ne katalis, abin da ke hanzarta aikin ba tare da ya ƙare ba. A baki toshiyar roba ce da siririn bututun gilashi da ya gangara cikin daron ruwa, inda aka kifa ƙananan kwalabe cike da ruwa, kowace mai cin mililita 20, don tara iskar da za ta fito. Shaidar da ake nema ita ce ruwan buromin: launinsa ruwan lemo ne, idan ya haɗu da alkin launin ya ɓace. Mai taimaka mata shi ne dattijon da ke kula da ɗakin gwajin, wanda ya girme ta nesa ba kusa ba.

Mako na 1, Talata: iska ta fito, launi bai motsa ba

Ta kunna murhun Bunsen, wato ƙaramin murhun gas na ɗakin gwaji, ta sa shi ƙarƙashin audugar, inda man yake. Cikin ƙasa da minti ɗaya kumfa ta fara tashi a daro, kwalba ta farko ta cika, ta biyu ta bi bayanta. Yara suka fara tafi. Daga nan kumfar ta ja baya, farin hayaƙi ya cika babbar kwalbar, wasu ɗigo masu maiƙo suka riƙa gangarowa ta bututu suna taruwa a saman ruwan daro. Bayan minti huɗu audugar ta bushe ƙamas.

Ta zuba ruwan buromin a kwalba ta farko, ta toshe, ta girgiza. Launi ko gezau. Ta biyu ta kai mata ashana, ba ta kama ba. Tangaran ɗin da aka fito da shi daga baya fari ne tas kamar yadda aka zuba shi, sai dai ya jiƙe da mai.

Da yamma suka zauna da dattijon. Ita ta ɗora laifin a kan abu biyu: tangaran, wanda take ganin ba katalis ne na gaske ba, da ruwan buromin, wanda ya daɗe a ajiye har ya koɗe. Ta ce, "Baba, a haɗa mana sabo mai ƙarfi, kuma a nemo alumina." Alumina haɗin alminiyom ne da oksijin, ana amfani da ita a matsayin katalis. Dattijon kuwa abin da ya ja hankalinsa daban ne. Ya lakato maiƙon da ke saman daro ya murza a yatsa ya ce, "Malama, wannan ai man da muka zuba ne, bai canja ba." Ta rubuta maganar a littafinta, amma ba ta bi ta kanta ba a ranar.

Ranar Alhamis ya haɗa sabon ruwan buromin, ya narka har ruwan ya ƙi karɓa, launinsa ya yi jajawur. Don a tabbatar yana aiki, suka ɗiga masa ɗigo biyar na wani alkin mai ruwa-ruwa da ke cikin ma'ajiya, mai kabon shida a zobe. Mililita 5 ya washe nan take. Suka gamsu.

Mako na 2, Talata: kwalba ta fashe

An canja tangaran da ƙwayoyin alumina, farare kamar tsakuwa. Wannan karon ta karanta bayanin gwajin da kyau, ta ga ana cewa a fara zafafa katalis. Ta ba shi wuta mai ƙarfi minti uku, sannan ta mayar da murhun ƙarƙashin audugar ta bar shi can. Kumfa ta taso da sauri, kwalba biyu suka cika, ta uku ta kai rabi.

Ana cikin haka wata ɗaliba ta ɗaga hannu. "Malama, in sarƙar ta tsinke biyu, me ya hana a samu alken biyu? Dole sai an samu alkin?" Tambayar ta yi wa malamar daɗi, don ita ce zuciyar darasin. Ta janye murhun gefe, ta juya ga allo.

Amsar lissafi ce. Kowane alken yana da haidirojin ninki biyu na kabon ɗinsa da ƙarin biyu. C10H22 yana da 22. In ana so ya koma C8H18 da C2H6, dukkansu alken, ana bukatar 24. Biyun nan ba inda za su fito. Don haka dole ɗaya daga cikin gutsattsarin ya rasa, kabon biyunsa su rufe giɓin da tagwayen ɗauri. Ba ta kai ga ƙarasa rubuta 24 ɗin ba wani yaro a gaba ya ce, "Malama, ruwa yana hawa!"

Ruwan daro ya bi siririn bututun ya haura, ya faɗa kan gilashi mai zafi. Aka ji tas, kwalbar ta rabe biyu, tururi da warin mai suka tashi. Akwai garkuwar roba tsakanin gwajin da ajin, kowa kuma da tabarau na kariya, ba wanda ya ji ciwo. Daga janye wutar zuwa fashewar bai kai daƙiƙa ashirin ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Iska mai zafi tana kumbura, idan ta huce ta tsuke. Daga digiri 500 zuwa digiri 100 na ma'aunin Salshiyos girmanta yana raguwa da kusan rabi, ga kuma tururin farafin da ke komawa ruwa ya bar gurbi. Bakin bututu yana cikin ruwa, abin da zai cike gurbin ke nan. Dattijon ya duba gutsattsarin ya gano wani abu kuma: kwalbar ta gilashin gama-gari ce, ba ta gilashin borosiliket ba. Borosiliket yana buɗewa da zafi kamar kashi ɗaya cikin uku na yadda gilashin gama-gari ke yi, shi ya sa ya fi jure sauyin zafi na farat ɗaya. Kwalaben biyu sun cakuɗe a aljihun tebur ɗaya shekara da shekaru.

Kwalabe biyun da suka cika kafin haɗarin an gwada su, ba su kama wuta sosai ba, ba su kuma taɓa launin buromin ba. Ta ukun ta kife cikin rikicin.

Kafin mako ya ƙare an yi gyara uku. An ware kwalaben borosiliket. An sa wa bakin bututu abin da ake kira bawul ɗin Bunsen: guntuwar mesar roba da aka tsaga a tsaye kamar santimita 1, aka toshe ƙarshenta da sandar gilashi, iska na iya buɗe tsagar ta fita, ruwa kuwa in ya matso sai ya rufe ta. Na uku doka ce da dattijon ya kafa, domin a cewarsa bawul ɗin kan yi gardama: ba a janye wuta sai an ɗaga sandar da ke riƙe da kwalbar gaba ɗaya bututu ya fita daga ruwa.

Mako na 3, Talata: ta kama wuta, buromin ya ƙi

Wannan karon ta yi gwajin ita da dattijon kaɗai, bayan an tashi. Ta koma kan maganar maiƙon da ya murza a yatsa. Farafin yana tafasa ne sama da digiri 300, amma tafasa ba fasawa ba ce. Ɗaurin da ke tsakanin kabon da kabon yana bukatar makamashi kamar kilojul 350 a kowane mol (mol ma'aunin adadin ƙwayoyin sinadari ne) kafin ya tsinke, kuma sai zafi ya doshi digiri 500 ne abin ke tafiya da saurin da za a gani. A makon farko tururin ya ratsa tangaran mai sanyi ya wuce abinsa, ya huce a bututu ya koma mai. A mako na biyu katalis ya yi zafi, amma da murhu ya koma kan auduga ya zauna, sai ya fara hucewa daidai lokacin da tururi ya taso masa da yawa.

To kumfar da yara suka yi wa tafi fa? Iskar ɗaki ce. Babbar kwalbar tana ɗauke da kusan mililita 50 na iska tun kafin a kunna wuta. Zafi ya kumbura ta, tururi ya koro ta, ita ce ke fara fita. Kwalabe biyun farko kusan duk ita ce.

Saboda haka ta canja hannu. Wuta mai shuɗin harshe a kan alumina minti huɗu. Sannan ta riƙa kai murhun kan auduga daƙiƙa ɗaya ko biyu, ta dawo da shi kan alumina daƙiƙa goma, ta sake. Tururi kaɗan-kaɗan, katalis kullum da zafinsa. Ta zubar da kwalabe biyun farko, ta tara huɗu.

Ta kai wa ta farko ashana, ta kama da jan harshe mai hayaƙi, har ta bar baƙi a bakin kwalba. Wannan alama ce mai kyau, domin alkin yana da kabon da yawa idan aka kwatanta da haidirojin ɗinsa, ba ya ƙonewa tsaf. Ta zuba mililita 5 na sabon ruwan buromin a ta biyu, ta girgiza har hannunta ya gaji. Jan ya ɗan sassauta ya koma ruwan lemo, ya tsaya nan. Ta uku ma haka.

A nan abin ya so ya ci tura. Iska tana cin wuta, buromin an gwada shi yana aiki, amma sun ƙi haɗuwa. Ta fara tunanin ko iskar methan ce, wato alken mafi ƙanƙanta, da haidirojin kawai, babu alkin. Kwana biyu tana juya abin kafin ta ɗauki biro.

Mol ɗaya na kowace iska, a zafin ɗaki, yana cin kusan lita 24. Kwalba mai mililita 20 ke nan tana ɗauke da mol 0.0008 gaba ɗaya. A ce rabinta alkin ne, mol 0.0004. Ruwan buromin da aka narka har ya ƙoshi yana da kusan giram 3.5 a kowane mililita 100, wato kamar mol 0.2 a lita. Mililita 5 nasa mol 0.001 ne. Kowane tagwayen ɗauri ƙwayar buromin ɗaya yake karɓa. Ashe buromin ɗin da ta zuba ya ninka abin da iskar za ta iya cinyewa fiye da sau biyu. Alkin ya ci iya cikinsa ya bar saura, sauran kuma shi ne launin da take gani. Gwajin ranar Alhamis bai tona wannan ba domin ɗigo biyar na alkin mai ruwa-ruwa sun kai kusan mol 0.002. Ruwa a cushe yake, iska kuwa fanko ce.

Dattijon ya sirka kashi ɗaya da kashi tara na ruwa. Kwalba ta huɗu tana nan a toshe tun Talata. Mililita 1 suka zuba, girgiza uku, ruwan ya koma garau.

Mako na 4: a gaban aji

An maimaita a gaban yara ranar Talata, ba a canja komai daga tsarin mako na 3 ba sai ƙarfin buromin. An tara kwalba biyar bayan an zubar da biyu. Uku sun washe ruwan buromin, ɗaya an ƙona ta, ɗaya an gwada ta da ruwan famanganet mai launin shunayya, wani abin gwada alkin, shi ma ya koɗe.

Ta ƙara abu biyu da ba su cikin shirin farko. Ta zuba ruwan buromin a kan farafin ɗin da ba a taɓa ba, ta girgiza. Launin bai ɓace ba, ya dai ƙaura daga ruwa ya hau cikin man da ke sama, domin buromin ya fi narkewa a mai. Wasu yara da suka kalli ƙasan kwalbar kaɗai suka ce ya washe, sai da ta ɗaga ta saitin taga suka ga jan yana nan a sama. Na biyu, ta kwaso ɗan ruwan da ya taru a saman daro. Wannan karon ba kauri gare shi ba, tsinkakke ne, yana warin fetur, kuma shi ma ya washe buromin. Dogayen sarƙoƙin sun koma matsakaita, wasunsu da tagwayen ɗauri.

Ta kuma ƙarasa amsar da fashewar kwalba ta katse. Idan zafi ya tsinka ɗaurin kabon da kabon, kowane guntu yakan tafi da elektiron ɗaya da ba shi da abokin zama, gwauro ke nan. Gwauro ba ya zama lafiya. Ko dai ya fizgi haidirojin daga wata sarƙa ya mayar da ita gwauruwa, ko kuma ya sake tsinkewa kabon biyu daga inda raunin yake, ya saki etin, ragowar ta ci gaba da haka. Shi ya sa fasawa da zafi ke ba da etin da yawa. Ɗaurin kabon da haidirojin ya fi ƙarfi, kusan kilojul 410, don haka sarƙar ce ke fara bayarwa.

Mako na 5 da na 6: katalis ya yi baƙi

Da abin ya zauna, aka raba sauran azuzuwan rukuni-rukuni su yi da hannunsu. Alumina ba ta da yawa, don haka ana juye ta daga kwalba zuwa kwalba. Rukunin farko sun cika kwalba cikin kusan daƙiƙa 40. Zuwa rukuni na huɗu ana haura minti biyu, maiƙo kuma ya dawo saman daro. Ƙwayoyin da suka shigo farare sun koma baƙi ƙirin.

Wannan awon shi kaɗai ba hujja ba ne, tunda kowane rukuni da irin riƙon da yake wa murhu. Malamar ta san haka, don haka ta maimaita da hannunta, murhu ɗaya, mai iri ɗaya: sabuwar alumina, sannan baƙar. Bambancin ya tabbata.

Baƙin nan kabon ne, kunkunniyar da fasawa ke haifarwa, kuma lissafin da ɗalibar nan ta tono shi ne ya bayyana ta. Haidirojin bai isa kowa ba. Ƙananan iskoki irin su methan suna kwashe kaso mai yawa su fice, abin da ya rage a baya sai ya yi ta talaucewa, yana haɗuwa da juna, har ya zama kusan kabon zalla ya lulluɓe fuskar katalis. Dattijon ya zuba baƙaƙen ƙwayoyin a buɗaɗɗen kasko, ya ba su wuta mai ƙarfi minti goma sha biyar yana motsawa. Iskar oksijin ta cinye kabon ɗin, suka koma fari-fari mai ɗan toka. Da aka mayar da su, kwalba ta cika cikin ƙasa da minti ɗaya.

Abin da ya yi a kasko shi ne matsalar da ta tsara siffar matatun mai na duniya. Eugene Houdry, Bafaranshen da ya koma Amurka, yana cikin waɗanda suka fara kai fasawa da katalis matakin kasuwa, babbar na'urarsa ta fara aiki a matatar Sun Oil da ke Marcus Hook a 1937. Katalis ɗinsa yakan toshe da kabon cikin 'yan mintoci, don haka ya jera tukwane da yawa: wata tana fasa mai, wata ana ƙone mata baƙi, ana juyawa. A 1942 kamfanin Standard Oil na New Jersey ya buɗe wata na'ura a Baton Rouge inda katalis ɗin gari ne mai laushi da ke gudu kamar ruwa. A irin waɗannan na'urori na yau, katalis ɗin yana haɗuwa da mai na 'yan daƙiƙoƙi a zafin da ya ɗan haura digiri 500, ya wuce wata tukunya a ƙone masa kabon a kusan digiri 700, ya dawo da zafinsa. Fasawa tana shan zafi, kuma zafin da ƙona kunkunniyar ya bayar shi ne ke ciyar da ita. Masu yin etin don roba kuwa ba sa amfani da katalis: suna cakuɗa man da tururin ruwa su ratsa da shi cikin bututu mai zafin kusan digiri 850 na ƙasa da daƙiƙa ɗaya, duk da haka lokaci-lokaci sai sun tsayar da murhu sun ƙone baƙin da ya taru.

A ranar ƙarshe ta mako na 6 dattijon ya ɗauko fasassun tangaran ɗin makon farko, ya wanke, ya ce, "Malama, a ba shi dama ya wanke kansa." Aka gwada da sabon riƙon wuta. Ya ɗan fi alumina jinkiri, amma ya ba da iskar da ta washe buromin.

Hukunci

Faɗuwa uku aka yi, kuma kowace da sanadinta: wuta a wurin da bai dace ba tare da tara iskar ɗaki, janye wuta bututu na cikin ruwa, da buromin da ya fi ƙarfin iskar. Abubuwa biyun da aka zarga a yammacin farko ba ko ɗaya da ke da laifi. Tangaran ya yi aiki da aka ba shi zafi. Tsohon ruwan buromin da aka zubar saboda ya koɗe, a ganina, shi ya fi dacewa da gwajin, kuma maye gurbinsa ne ya haifi matsalar mako na 3. An canja abu biyu a tashi ɗaya ba tare da an gwada ko ɗaya daga cikin tsofaffin ba, alhali shaidar gaskiya tana yawo a saman daro, har an murza ta a yatsa. Wannan ya ci mako biyu.

Haɗarin mako na 2 kuwa ba za a kira shi tsautsayi ba. Zuƙo ruwa baya shi ne sanannen haɗarin wannan gwaji, kuma ya kamata a ce an yi gwajin a keɓe kafin a kawo shi gaban yara, kamar yadda aka yi daga baya. Garkuwa da tabarau ne suka sa labarin ya tsaya a kan kwalba.

Abin da ya yi aiki bai ci ko kayan aiki ɗaya sabo ba in ban da guntuwar mesa. Riƙon murhu ne, da zubar da kwalba biyu, da lissafin layi huɗu. Tsawon lokacin da tururi ya yi a kan wuri mai zafi, da yawan tururin da aka tura a lokaci guda, su suka raba mako na 1 da mako na 4.

Akwai wurare biyu da nake ganin gwajin ya nuna ƙasa da abin da yara suka rubuta. Na farko, kalmar katalis. Tunda tangaran ma ya yi, yawancin aikin da ke faruwa a wannan kwalba na zafi ne, ƙwayoyin suna ba tururi faffadan wuri mai zafi da zai gogu da shi. Katalis na matata wani abu ne daban. Tun shekarun 1960 ziyolait ake amfani da shi, mai ƙananan ramuka da fuska mai asid, wanda ke bi ta wata hanya ya ba da sarƙoƙi masu rassa da ke ƙara wa fetur inganci, da alkin mai kabon uku da huɗu fiye da etin. Na biyu, ruwan buromin yana shaida cewa akwai tagwayen ɗauri ne kawai, ba ya faɗin na wane ne. Abin da ke cikin kwalbar cakuda ne na etin da 'yan'uwansa, da methan, da haidirojin. Kusan duk ajin sun rubuta cewa iskar da aka tara etin ce. Malamar ta ba su makin, tunda amsar da manhaja ke nema ke nan, amma a gefen kowace takarda ta ƙara da jan biro: da waɗansu.